Kifin Rantsuwa

Na iske motar kwance a cikin rafi, tayoyinta na gefe ɗaya suna kallon sama. Gadar itacen giginya ce ta karye a ƙarƙashinta. Babbar tanka ce, irin waɗanda suka fara bin hanyar Tambuwal zuwa Kebbe bayan samun mulkin kai, tun da aka sa masu aikin hanya su faɗaɗa ta. Man gas take kai wa katafilolinsu. Cikinta ya tsage, man yana zuba a hankali, ba ya tsayawa.

Direban yana zaune a gindin kirya, ya ɗaure kai da tsumma.

"Sannu da tsautsayi. Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Ba a zo ba?"

"An ce za a zo."

"Da yawa ya zube?"

Ya nuna rafin da haɓa. "Tambayi ruwan."

Na duba. Ruwan yana tafiya da wata fata a samansa, shuɗi da ja da kore, tana murɗawa. Na san rafin nan tun ina yaro. Ba ya zuwa ko'ina sai Tafkin Marka, a bakin ƙauyenmu. Babana ne mai tsaron tafkin.

Na ɗora keke a kafaɗa na ƙetare. Da na fito ƙafafuna suna santsi. Na goge da ciyawa, bai fita ba.

Bikin su, kamun kifin gayya, na zo gani. Daga ƙarshen damina har ranar da Sarkin Ruwa zai buɗe tafkin kowa ya shiga da homa da gora, ba mai taɓa kifin cikinsa. Wannan hanin shi ne aikin Baba. Ya gaje shi daga babansa, tare da wata sandar gora mai ƙarfe a baki. Na bar gidan kawuna a Tambuwal, inda nake zaman jiran a kira ni aiki tun da na gama sakandare, don in ga ranar. Sauran hanyar na taka keken kamar ana bi na.

Tun kafin in shiga gari na fara gamuwa da mata, ƙorai cike da kifi a kansu, suna dariya. Karfasa, tarwaɗa, har da manyan da sai ranar su ake ganinsu. Na tsaya a kan tudu na hango tafkin. Gefensa na wajen gari ya yi fari da cikin kifi. Wasu sun mutu, wasu suna juyi kamar masu maye. Yara suna tsinta da hannu. Babu wari sosai a nan. Kainuwar da ta toshe mashigar rafin ta tare mai kaurin, abin da ya narke ne ya wuce.

Inna tana tsakar gida, ba ta hura wuta ba.

"Ladan, ka ji abin da anka ɗora wa tsohonka?"

"Mi anka ce?"

"Wai shi yaz zuba magimfa. Maccido yac ce ya gane shi da asuba bakin ruwa."

"Kullum da asuba yana bakin ruwa. Aikinshi ne."

"Je ka faɗa musu. Yau bayan azahar za shi ci kifin rantsuwa."

Magimfa ganye ne. Ɓarayin ruwa suna daka shi su zuba, kifi ya bugu ya taso, su kwashe. Ba ya yi wa mai ci komai, shi ya sa matan suke dariya. A garinmu ba a san wani abin da ke taso da kifi haka ba sai shi. Maccido kuwa ɗan wan Baba ne, ya daɗe yana ganin sandar nan a gidansu ya kamata ta kwana.

Rantsuwar ita ce ta tsinka mini zuciya. Wanda aka zarga da cin amanar ruwa, sai a gasa masa kifi daga tafkin, ya dafa ruwa ya rantse, ya cinye, ya zauna gaban jama'a har rana ta faɗi. In kifin ya zauna a cikinsa, ya kuɓuta. In ya dawo, ruwa ya kama shi. A karɓe sandar, a cire gidansa daga cikin masu ruwa, shi da jikokinsa. Liman ba ya son abin. Bai taɓa hanawa ba dai, ciwon kai kan kama shi a irin wannan rana.

Baba yana bayan gida yana ɗinke homa, kamar ba abin da ya faru.

"Baba, kada ka ci."

"Ba a gaisuwa a Tambuwal?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa duka, har ya tambayi kawuna da iyalinsa. Sannan na faɗa masa motar, da gadar, da fatar da ke kan ruwa. Na miƙa masa ƙafar wandona ya shinshina.

"To," ya ce. "Ni na zuba shi?"

"A'a."

"To mi nika tsoro?"

"Baba, kifin ya sha man nan. Duk wanda ya ci zai amayar, ko ya yi laifi ko bai yi ba. Ciki bai san mai gaskiya ba."

Ya ja zaren ya tsinke shi da haƙori. "A makaranta anka koya maka wannan?"

"Ba sai an koya mini ba."

"Babana ya ci, bai dawo ba. In na ƙi ci, na amsa laifi da bakina ke nan. Kai takarda gare ka, ko'ina kat tafi za ka ci abinci. Ƙannenka ruwan nan gare su."

Na tafi wurin Sarkin Ruwa.

Sarkin Ruwa Ɗanmaliki yana zaune a gindin tsamiyar bakin tafki, dattawa sun kewaye shi. Maccido ne ya fara hango ni.

"A'a, ga Joji ya iso! Ka zo belin tsohonka? Ina takardar?"

Na wuce shi na durƙusa. "Allah shi ba ka nasara, ba magimfa ba ce. Motar mai ta faɗi a gadar giginya, man yana bin rafi."

"Gadar giginya?" in ji Maccido. "Can wajen Tambuwal? Mota ta faɗi can, kifi na mutuwa nan. Ko motar ta iya iyo?"

Aka yi dariya. Ɗanmaliki bai yi ba. Ya sa aka matso da ni, ya shinshini wandona, ya ɓata fuska.

"Warin injin niƙa," ya ce.

"Jikinshi yaz zo da shi, ranka shi daɗe," in ji Maccido. "Ba ruwa yab ba shi ba. 'Yan boko kullum haka suka wari."

"A je mashigar rafi a duba," na ce. "Ko a aika mutum gadar. A ɗaga rantsuwar zuwa gobe."

Ɗanmaliki ya daɗe yana kallon ruwan. Tsoho ne, ba mugu ba. "Yaro, an riga an faɗa wa ruwa yau. Ba a ɗaga mishi rana. Gobe sai a je a ga motarka."

"To a hana mutane dafa kifin nan. Ko wannan kaɗai."

"Ka ji shi!" Maccido ya tafa hannu. "Uban ya kashe kifi, ɗan ya ce a zubar. Gidana tukunya biyu ke bisa wuta yanzu haka, da yaji da daddawa. In yunwa ta kama ka, ƙanena, ka biyo."

Na bi gida-gida duk da haka. Wata tsohuwa ta zubar da nata. Sauran suka yi mini sannu da zuwa, suka ci gaba da gyaran kifinsu.

Bayan azahar gari ya taru. Aka ja layi a ƙasa da sanda, jama'a a baya, Baba shi kaɗai a gaba kan buzu. An jingine sandar tsaro a jikin tsamiya, inda kowa zai gan ta. Ɗanmaliki da kansa ya zaɓi tarwaɗa mai kauri daga cikin masu juyi. Aka gasa ta ba gishiri ba yaji, haka ake yi. Hayaƙin ya biyo ta wajena. Na ji warin gas a cikinsa. Ban san ko wasu sun ji ba.

Baba ya sauka ya dafa ruwa, ya faɗi abin da ake faɗi, muryarsa ba ta rawa. Ya dawo ya zauna, ya yi bismilla, ya ɓalli tsoka ya kai baki.

Ya tauna sau ɗaya ya tsaya.

Ya ɗago ido yana nema, har ya same ni a cikin jama'a. Bai daɗe yana kallona ba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taunawa. Ya ci tsokar, ya ci fatar, ya tsotse kan. Ya ajiye ƙayar a kan ganye ya ɗora hannuwa bisa gwiwa.

Rana tana can sama, ba ta da niyyar sauka.

Da farko ba a ga komai ba. Mutane suka zazzauna, wasu suna cin goro. Aka yi la'asar a nan bakin ruwa, Baba ya yi tasa a zaune, bai yarda ya sunkuya sosai ba. Daga nan zufa ta fara. Ta jiƙa hular, ta bi ta gemu tana ɗiga. Fuskarsa ta koma kalar toka. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ya sauke hannu ɗaya ya damƙi yashi.

"Na'iya, ya ka yi shiru?" in ji Maccido, yana kallon Baba. "In akwai abin da kaka son fitarwa, fitar da shi, mu 'yan uwanka ne."

Baba bai buɗe baki ba. Na gane ba zai iya ba. Inna tana bayana, ina jin numfashinta. Na riƙa auna inuwar tsamiya da ido: ta kai buzun, ta wuce shi, ta taɓa ruwa. Sau ɗaya kafaɗunsa suka zabura, kumatunsa suka cika. Jama'a suka miƙe tsaye. Ya rufe ido ya haɗiye. Na ji kamar a nawa wuyan abin ya bi.

Rana ta yi ja tana bisa kan itatuwan ƙetare sa'ad da muka ji ihu daga cikin gari. Zahara'u ce, matar Maccido, a guje, ba mayafi.

"Malam! Malam, taso! Yaran duka amai suka yi, ƙaramin ko kuka ba ya iyawa!"

Kafin ta rufe baki wata ta biyo ta, daga wani gidan, sannan wata. Taron ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Maccido ya tsaya, ya dubi matarsa, ya dubi Baba, ya dubi ƙayar da ke kan ganye. Ya tattare riga ya ruga.

Muka rage mu kaɗan. Ɗanmaliki ya taso da kyar ya tsaya a kan Baba.

"Na'iya, tashi. Mun gani. Ba kai ba ne."

Baba ya girgiza kai.

"Na ce tashi, na sallame ka."

Ya ɗaga yatsa ya nuna rana. Saura gefenta. Na fahimce shi. In ya tashi yanzu, wata shekara wani zai ce tausayi aka ji masa, bai kai faɗuwar rana ba. Ɗanmaliki ma ya fahimta. Ya koma ya zauna, ya ce wa dattawan da suka rage, "Kada wanda ya motsa. Ku zama shaida."

Ban taɓa ganin rana mai nawa irin wannan ba. Jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Hawaye na zuba daga idonsa, ba na kuka ba. Daga gari ana ta kiran sunayen yara.

Sai ladanin masallaci ya ɗaga murya da kiran magariba.

Baba ya jira har aka kai ƙarshen kiran. Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya yi wa Sarkin Ruwa gaisuwa da hannu, ya juya ya nufi bayan ciyawa, yana tafiya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu cike. Na bi shi. Da muka shige na cire rigata na ware ta da hannu biyu tsakaninsa da mutane.

Ya daɗe. Warin gas ya cika wurin. Da ya gama ya zauna a ƙasa yana haki, na ba shi ruwan buta daga gida ya kurkure baki.

"Sandata," ya ce.

Na je na ɗauko ta daga jikin tsamiya. Ba wanda ya hana ni. Ya riƙe ta da hannu biyu ya jingina goshi a kanta.

"Keke gare ka. Je ka gidan Maccido, ka ɗauki ƙaramin ka kai shi ɗakin shan magani na Kebbe. Kada ka tsaya jin bakinshi."

"Kai fa, Baba?"

"Ina nan. Yara za su dawo tsintar kifi."

Da na kai kan tudu na waiwaya. Yana zaune a bakin tafkin, sandar tana gicciye a cinyarsa. A gabansa farin cikin kifi ya kusa kai tsakiyar ruwa, wasu kuma suna ta tasowa.