Kwana Biyun Malam Kalilu

Likitan ya ɗaga yatsu biyu, ya ɗan karkata hannu, sannan ya wuce. Zahraddeen ya tsaya a barandar asibitin, wayar Malam Kalilu tana ruri a hannunsa. Hajiya Barira ce, matar Malam, daga Kano.

Shekara uku ƙofar Zahraddeen tana kallon ta Malam a hawa na tara a unguwar Taman Melati, a Kuala Lumpur. Shi injiniya yake karantawa. Malam, mai shekara hamsin da takwas, digiri na uku yake yi a kan kwatanta addinai, har ciwon hanta ya kwantar da shi.

"Hajiya, ina kwana?"

"Lafiya lau. Me likita ya ce?"

"Ya ce... zai yi kwana biyu."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, ta sauke ajiyar zuciya. "To bari in jira fasfon Mubina mu taho tare, ta ga babanta. Sun ce sati biyu."

Ya ji yadda ta ɗauki maganar. Kwana biyun gida ta fahimta, irin wanda kan kai wata guda. Bai gyara mata ba. Ya ce Allah ya kawo su lafiya.

Washegari da hantsi ya kai wa Malam shayin madara na shagon Indiyawa a leda. Malam ya shinshina kawai, ya nuna takardun da ke gefen gado.

"Injiniya, miƙo min babi na huɗu. Ka ga gurbin nan da na bari? Shekara guda yana nan, na rasa fassarar kalma ɗaya."

"Mece ce kalmar?"

"Yom, da Ibrananci. Da ita Yahudawa suka ƙirga shidan da aka yi halitta, kuma har gobe malamansu ba su daidaita ba. Wasu sun ce rana ce irin tamu, yamma ta yi, gari ya waye, shi ke nan. Wasu suka ce, to ai a littafin ba a yi ranar sama ba sai a ta huɗu, da me aka auna ukun farko? Don haka kowace ɗaya zamani ce mai tsawo." Ya tsaya ya huta. "Akwai na uku. Sun ce lokaci guda aka yi komai, lissafin don ƙananan kawuna irin na injiniyoyi ne."

Zahraddeen ya yi murmushin dole.

"Kullum ina gaya wa mai duba aikina, da da Hausa nake rubutawa, da tuni na gama. Sai in sa kwana. Namu yana miƙewa, yana tsukewa, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa." Ya juyo da idanunsa da suka yi ruwan ɗorawa. "Me ka gaya wa Barira?"

"Na ce kwana biyu."

"Wane ɓangare ta bi?"

Zahraddeen ya dubi ledar shayin. "Na biyu."

"Likitana kuwa ɗan ɓangaren farko ne. Na ga yatsunsa ta gilashi." Bai ɗaga murya ba. "Kira ta, ɗan'uwa."

Ya kira. Wannan karon ya ce awa arba'in da takwas, kuma ashirin sun riga sun tafi. Ya ji ana jan akwati a kan siminti.

Jirgin da ta samu ya tashi daga Kano ranar Talata. Malam ya cika ranar Talatar, bayan la'asar ta Kuala Lumpur. 'Yan Najeriya goma sha ɗaya suka yi masa sutura da safiyar Laraba, aka gama kafin ruwa ya sauko. Jirgin Lahadi, wanda da ta hau da ta iso a kan lokaci, ya tashi da sauran kujeru babu kowa. Zahraddeen ya duba, sau uku.

Da yammacin Laraba ta fito daga lif ita kaɗai, da akwati ɗaya. Rabonta da ganinsa tun zuwanta na bara. Baki ya riga ta.

"Zahraddeen, kwana biyu."

Su duka suka tsaya. Ya miƙa mata mukullin ɗakin Malam, ya shigar da akwatin, ya ajiye jakar asibiti a kan tebur. Ta zaro babi na huɗu daga ciki, ta zauna ba ta cire mayafi ba. Daga ƙofarsa yana hango ta, yatsanta a kan farin gurbin da ke tsakiyar layi, fanka tana ɗaga gefen takardar.