Kunnen Issoufou da Hajiyar Birmingham

Shekara goma sha tara ke nan Issoufou yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu daga unguwar Jarwal zuwa Harami, amma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Sai dai Allah ya ba shi kunne. Da mutumin Birtaniya ya buɗe baki, shi kuwa ya san garinsu.

Kowa da matsayinsa a wurinsa. 'Yan Liverpool, in ji shi, kamar ƙayar kifi ta maƙale musu a wuya. 'Yan Landan suna haɗiye rabin magana don sauri. 'Yan Glasgow su ne nasa, ko gaisuwa suke yi sai ka ce rigimar 'yan tasha, abin yana tuna masa Maraɗi. 'Yan Birmingham ne ba ya so ko kaɗan.

"Kullum muryarsu kamar ta wanda akuyarsa ta ɓata," yake cewa.

Wata rana bayan la'asar, abokin aikinsa Dawuda, wanda ya yi sakandare a Kano, ya zo da wata tsohuwa 'yar Birtaniya tana share hawaye. Ta rabu da ayarinsu a wurin ɗawafi, katin wuyanta ya faɗi, sunan otal ya shige mata. Motarsu ta Madina kuma ƙarfe biyar za ta tashi.

"Na tambaye ta da Turanci tsantsa," Dawuda ya ce. "Wai otal ɗin dogo ne."

"Masha Allah, Malam Bature. Duk Makka akwai gajere? Ce mata ta ƙara magana."

"Me za ta ce?"

"Ko me. Ta zagi surukarta ma."

Tsohuwa ta yi ta bayani. Issoufou ya rufe ido, ya karkata kai. Can sai ya yamutsa fuska.

"Akuya ta ɓata. Birmingham ce."

"Daga Landan jirginsu ya taso, yanzu ta faɗa!"

"Jirgi ne ya taso daga Landan, ya sheikh, ba bakinta ba. Ayari biyu na Birmingham ke Jarwal a makon nan. Na otal mai koren gilashi jiya na kai su mota. Saura na bayan masu shawarma. Hajiya, bismillah."

Ta hau keke. Ya riƙa kutsawa cikin jama'a yana "Ɗariƙ, ya hajji, ɗariƙ!" don a ba shi hanya, Dawuda na biye yana haki yana cewa in aka yi kuskure ba ruwansa.

Suna shan kwana suka tarar da doguwar mota tana ruri, wata mata a bakin ƙofa tana ta ƙirga kawuna. Tana hango keken ta saki takardar hannunta ta rugo, bakinta ɗauke da irin wannan karin na Birmingham mai jan rai.

Kafin tsohuwa ta hau, ta tsaya ta ɗaga hannu ta jero wa Issoufou addu'a mai tsawo. Kalma ɗaya bai gane ba, sai amin da yake ta amsawa.

Da motar ta tafi, Dawuda ya zungure shi.

"To, yaya maganar akuya?"

Issoufou ya juya kekensa.

"An gan ta. Kuma kai ba ka da kunne ne. In an saurara da kyau, maganar tasu akwai ɗan zaƙi daga ƙarshe-ƙarshe."