Gurnanin Firjin Yaya

Mai Kibod da abokansa sun ɗauki faifansu na farko a ɗakin girkin yayarsa, kiɗan na'ura zalla, ba kamfani a bayansu. Gurnanin tsohon firjinta ya shiga kowace waƙa, abin ya tsaya masa a rai. A na biyu ya tace sautin tas.

Sai ga mai sharhi a rediyo yana cewa sun lalace: ina amon nan mai ratsa zuciya da ke ƙarƙashin kiɗansu? Masoya suka ɗauka, har da zagi.

Ya kira ta yana huci. "Yaya, ina firjin nan?"

"Na kai an gyara," ta ce. "Ba kai ka ishe ni da mita ba?"