Tukunyar Gas Ɗin Umma

Tun daga bakin ƙofa warin fenti ya doki hancin Yaya. Gaisuwa kawai ta kawo ta shagon ƙaninta Auta, sai ga ta a gaban abin da ya tayar mata da hankali. Tsofaffin tukwanen gas ne jibge a bayan shago, tsatsa ta cinye gindinsu, wasu har da tabon walda. Ma'aikata na fesa musu jan fenti. Gogan naka kuwa ya miƙe ƙafa a benci, yana ɓare wasu 'yan takardu masu ƙyalli yana manna wa kowace a wuya.

"Auta, wannan ba tambarin masu gwaji ba ne? Wanda ke nuna an gwada tukunya, ba ta yoyo, ba za ta fashe ba?"

"Shi ne mana. Mai buga mana ya iya aiki, ko su ba za su bambance ba."

"To wa ya gwada waɗannan?"

"Allah ne mai tsarewa, Yaya."

Tir! Ka ji mai fakewa da Allah yana sayar wa mutane ajali. Ƙyamarsa ta kama ta, ciki ɗaya ko ba ciki ɗaya ba. Sai kuma ta tuna ja ce tukunyar da ya kai wa mahaifiyarsu, tana can ɗakin girki, jikin ɗakin da tsohuwar ke kwana.

"Ta Umma fa?"

Ya kwashe da dariya. "Haba, ni ɗan banza ne? Da kaina na zaɓa mata. Tambari biyu ma na manna."

Ta tari mota sai gida, ko zama ba ta yi ba ta faɗa ɗakin girki ta hau kwance tiyo.

"Ke, lafiya?" in ji Umma. "Ke dai ba kya ganin alherin yaron nan."

Yaya ta ɗauki cokali ta kankare gindin tukunyar. Fenti ya ɓare, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ta zayyana mata duk abin da ta gani a shago.

Umma ta tare ƙofa da jikinta.

"Mayar da ita," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "In aka ga kin fita da ita, tambaya za a yi. Duk layin nan wurinsa suka saya, kuma ni na tura su."