Mai Jin Warin Infoma

Baba Dodo ya ɗaga kofin shayinsa sama, ya dubi mutanen da suka cika bencin mai shayi a kasuwar Bukkuyum.

"Ni da rami ya rufta da ni a Anka, na hito da ƙafata! Shekarar gubar dalma ina Tungar Guru, ko ciwon kai ban yi ba. To wane infoma zai ɓoye mini? Ko ta bayana ya wuce, warinshi nika ji!"

Bai taɓa zama a aji ba, amma wannan kalma ta Turawa ya riƙe ta gam, har fassara ta yake yi wa matasa: infoma shi ne wanda za ku ci tuwo tare, ya tashi ya kai wa mutanen daji labarin abin da ke rumbunka.

Abu guda ke cin sa a rai. Ɗansa Mukhtar ya dace da zinari a raminsa na wajen Gwashi, su kuwa masu haƙa suna da ƙa'ida: wanda ya dace ba ya sauya riga. Da tsummansa mai jar ƙasa zai ci gaba da yawo, yana kukan babu. Da safen nan ma sai da matar Dodo, Habsu, ta ja masa kunne: "Maigida, don Allah yau ka bar bakinka gida."

Ya bar shi kuwa, har zuwa lokacin da Sharu, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya iso yana dogara sanda.

"Kai mai jin wari, ka ji na rigar ɗanka kuwa? Jiya na gane shi, na aza buhun gawayi ne ya yi ƙafa!"

Benci ya kwashe da dariya. Dodo ya kurɓi shayi, ya haɗiye, ya sake kurɓa. Ina! Maganar ta fi ƙarfin maƙogwaro.

"Tsumman ga da kaka gani, Sharu, abin da ke ƙarƙashinshi sai ya saye ka, da gidanka, da jakinka! Ku tambayi ramin Gwashi!"

Aka yi shewa. Dodo ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, yau shi ya ci kasuwa.

*

Kasuwa ba ta zagayo ba aka kira Mukhtar a waya. Muryar da bai sani ba ta gaishe shi cikin ladabi, ta yi masa barka da arziki, ta ce mutanen daji suna jiran rabonsu. Ya kwashe iyalinsa sai Gummi, ya bar ramin a buɗe.

'Yan sa-kai suka taru a gindin tsamiya suna neman wanda ya kai labari. Ido ya faɗa kan Faruku, leburan da ke jawo wa Mukhtar buhunan ƙasa daga rami. Baƙo ne daga Yawuri, ba shi da kowa a nan, kuma an sha ganinsa a kan dutse da waya a kunne.

"Inna nike kira, wallahi," in ji shi. "Can kaɗai waya ke kamawa."

Shugabansu Ɗahiru ya gyara riƙon gorarsa. "A kira Baba Dodo. Shi ka jin warinsu."

Dodo ya zo, aka buɗe masa hanya kamar hakimi. Ya zagaya Faruku yana buɗa hanci. Gumi ya ji, da jar ƙasa. A kunnensa kuwa muryarsa ce ta ranar kasuwa ke amsa-kuwwa. Ya saci kallon Sharu, Sharu ya sunkuyar da kai. Idan Dodo ya ce ba wannan ba ne, za a ce to wane ne?

"Kada wanda ya taɓa shi," ya ce. "Amma warin bai kwanta mini ba. Shi bar gari."

Aka yi ta yaba hancin tsoho, aka haɗa da tausayinsa.

*

Da la'asar Dodo yana zaune a ƙofar gida sai ga Faruku, tabarma a naɗe, shebur a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo godiya. Ba don kai ba da sun karya ni. Allah shi bar mana irinku."

Habsu na tsaye a zaure, ta kafa wa mijinta ido.

"Amin," in ji Dodo a hankali.

Ya bi shi da kallo har kan shebur ɗin ya ɓace a cikin dawa.