Takardar Koriyar Mota a Kujerar Ja

Odessa Whitfield na tsaka da yanka ganyen miya surukinta Curtis ya kira ta a waya.

"Mama, ki zo gareji yanzu-yanzu, don Allah!"

Ko takalmi ba ta sauya ba ta tsallaka titi. A zatonta tsohuwar jar motar nan da ya sayo, ƙirar shekarar saba'in, mai rurin da ke tada unguwa, ita ce ta danne wani. Sai ta tarar da ƙarti biyu durƙushe gaban kujerar baya da suka ciro suka kife, kowa da farar safar hannu kamar masu fiɗa.

"Wa ya ji ciwo?"

"Ba kowa, Mama. Duba nan."

Wata takarda ce da ta koma ruwan ƙasa, maƙale tsakanin wayoyin kujerar, ɓera ya ci gefenta. Odessa ta gane ta. Tun tana budurwa ta yi aikin haɗa kujeru a masana'antar motoci a nan garin Flint, kuma kowace mota da irin takardar take bin layi, tana faɗin abin da za a sa mata. Ta miƙa hannu za ta zaro.

"Kar ki taɓa!" Boyd, abokin Curtis mai tumbi, ya kusa faɗuwa.

"Shara ce fa, ɗan nan. In mun gama da ita cusawa muke yi cikin kujera, don kwandon shara na da nisa."

Suka dube ta kamar ta yi saɓo. Boyd ya sa matsefata ya lallaɓo takardar, suka shimfiɗa ta kan tebur. Curtis ya ce ta karanta musu, tunda a hannunsu aka haifi motar. Odessa ta gyara tabarau. Ƙananan akwatuna ne cike da haruffa da lambobi.

"Ni akwati ɗaya nake dubawa, na launin kujera. Ga shi, baƙi. Sauran ba aikina ba ne."

Boyd ya buɗe wayarsa yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ihu, wai takardar ta ce babban inji ne a motar. Curtis ya rungume shi. Can kuma Boyd ya ɗago kai daga wayar.

"Malam, nan fa koriya aka rubuta."

"Wace koriya? Makaho ne kai? Ga mota ja jawur!"

"To lambar motar ma ba taka ba ce. Ƙarshen ya saɓa."

Gardama ta kaure. Boyd ya ce an sake fenti. Curtis ya ce an sauya kujera. Boyd ya ce ai dama ya faɗa masa mai sayarwar nan idonsa bai yi kama da na masu gaskiya ba. Suka juyo kanta gaba ɗaya.

"Mama, wanne ne?"

"Ina zan sani? Wani lokacin kujera kan tsallake mota ta faɗa ta gaba. Wani lokacin takardar da ke hannunka kake cusawa. Mu fa da yawa ne, kuma layin ba ya jira."

Bai ishe su ba. Suka shige ƙarƙashin motar suka sauke tankin mai, wai akan samu wata takardar a kansa. Odessa ta tsaya riƙe musu fitila, tana tunanin tukunyarta. Aka kuwa samu, manne da maiƙo. Wannan karon lamba ta dace, launi ma ja.

"Madalla, an huta," in ji Odessa.

Curtis ya zauna dirshan a ƙasa ya dafe kai.

"To kuma mene ne? Ba taka ba ce?"

"Tawa ce, Mama. Ƙaramin inji ta ce. Wanda ke ciki daga baya aka dasa."

"Ba ya tashi ne?"

"Yana tashi."

"Ba ya gudu?"

"Yana yi, Mama. Ba za ki gane ba."

Ba ta gane ba kuwa. Takardar da ba tasa ba ta sa shi tsalle, tasa ta zaunar da shi.

Boyd ne ya sa hoton takardar farko a zauren intanet na masu irin motocin. Ran Asabar ta gaba sai ga wata koriyar mota ta tsaya a ƙofar gidan, daga jihar Ohio. Wani dattijo mai suna Merle Hochstetler ya fito, matarsa na biye da shi tana dafa ƙugu saboda doguwar tafiya. Ya gwada lambar da ta motarsa, sai hawaye. Ya ce ya kwance kujeru, ya yage shimfiɗar ƙasa, ya buɗe ƙofofi, shekara da shekaru yana nema. Da Curtis ya nuna masa Odessa, mutumin ya kama hannunta da hannu biyu.

"Baiwar Allah, ke kika adana min ita!"

"Yallaɓai, ban san ko ni ce ba. Kuma in ma ni ce, ai ɓatar maka da ita na yi."

"Allah ya saka miki," ya ce, bai ma ji ta ba.

Aka tsayar da ita jikin motar, aka ɗau hoto. Aka sake ɗauka da Curtis, wanda shi ma yau bakinsa har kunne, sai ka ce ba shi ne ya yi mako guda ba ya cin abincin kirki ba. Matar Merle ta matso kusa da ita.

"Yaya, kin fahimci abin nan?"

"Ko kaɗan."

"Ni ma haka. Akwai inda zan ɗan miƙe bayana?"

Odessa ta ja ta zuwa gidanta, ta zuba mata soyayyar kaza da burodin masara. Daga tagar ɗakin girki suna hango mazan uku sun sake durƙusawa, wannan karon a bayan koriyar, Boyd na rantsuwa lallai akwai takardar wani bawan Allah a cikinta.