Kaboyin Kalambaina

Baba ya ce ba zai ba da ni ga Bashar ba sai ya ga sana'ar nan da idonsa. Shi ya sa ranar Asabar bayan la'asar Bashar ya zo gidanmu a Minanata da fim ɗinsa na farko, muka ja labulen falo.

Fim ɗin kaboyi ne. A wani tsohon ramin dutse wajen Kalambaina ya ɗauke shi, da dawakin aro biyu da bindigogin katako, shi da abokansa sanye da malfar kaba. Shi ne ekta, shi ne mai ba da umarni. Ni dai ko jaki ya hau, jarumi ne a wurina. Amma Baba, Malam Attahiru, mutum ne da ba a cika ganin haƙorinsa ba, kuma ga shi zaune hannu a haɓa.

Ina bakin ƙofa ina leƙe. Aka zo inda bos ya lallaɓo ta bayan dutse, ekta ya duƙa yana shayar da doki.

"Bayanka!" Baba ya daka tsawa, har ya miƙe. "Kai, waiga mana! Ga mugu nan!"

Inna ta leƙo daga madafa. "Malam, lahiya?"

"Lahiya lau." Ya zauna yana gyara riga. "Haka muka yi silima muna samari. In ba ka gaya mai ba, wa ka gaya mai?"

Na toshe baki da mayafi. Ashe Baba ya san layin tikiti!

Da fim ya ƙare ya juya ga Bashar, fuska a ɗaure.

"Wa yak koya maka kaboyi? Wurin dambe malhwakka ta hwaɗi ƙasa."

"Iska ce, Baba."

"Iska mi? Ekta ko daga bisa dutse yat tuntsuro, malhwa tana bisa kai. Bos ɗai ka rasa malhwa. Ka sake wanga wuri."

"To, Baba."

"Amma zamanka bisa doki ya yi." Baba ya gyara zama. "Ka ce ma magabatanka su taho Jumma'a."

Bashar ya zube yana godiya. Ni kuwa na ruga ɗaki ina hawaye, ina jin Baba yana cewa a mayar masa da wurin dutsen nan, bai ga yadda aka kama bos da kyau ba.